Abokina ya gayyace ni bikin Mariyamman a ƙauyensu: me zan tarar, yaya zan yi?

Wani ɗalibi da ke karatun harhaɗa magunguna a jihar Tamil Nadu, can kudancin Indiya, ya rubuto cewa abokin ajinsa ya gayyace shi ƙauyensu kusa da Tiruchi, zuwa bikin abar bautar garin da ake kira Mariyamman, a watan Adi na kalandar Tamilawa. Yana son sanin wace ce ita, me ake yi a wurin, ko wanda ba Hindu ba yana iya zuwa, da yadda zai tsare addininsa ba tare da ya ɓata wa masu masaukinsa rai ba.

Ƙanena, ka fara da ajiye hoton da finafinan Indiya suka dasa mana a ka. Wurin bautar nan mai daɓen marmara da ƙararrawa, da malami cikin farin zane yana rera karatun Sanskrit, tsohon harshen addininsu, na birni ne, galibi ma na arewacin ƙasar. A ƙauyen abokinka mai yiwuwa ɗan ɗaki guda za ka tarar, an ja wa bangonsa layin ja da fari a tsaye. Mai yiwuwa ma babu ɗakin, sai bishiyar darbejiya da aka ɗaura wa ƙyalle rawaya, da dutse a gindinta an shafe shi da kurkum, da mashi mai baki uku a kafe, an soke lemon tsami a kowane tsini. A wasu wurare suri ne kawai aka kewaye, ana zuba madara a bakin raminsa saboda macijin da ke ciki.

Kusan kowane ƙauye a kudancin Indiya yana da irin wannan uwar gari, kuma tasa ce shi kaɗai. A ƙasar Tamil za ka ji Mariyamman, Kaliyamman, Pidari, Ellaiyamman, Draupadi Amman. A ƙasar Telugu su Pochamma da Gangamma da Maisamma, a Karnataka Maramma, a arewa kuma Shitala ce ke riƙe da aikin da ya yi kama da na Mariyamman. Wani Bature da ya yi rubutu mai tsawo a kansu da har yau ake komawa gare shi shi ne Henry Whitehead, Bishop ɗin Madras, a 1916. Ya rubuta da idon ɗan mishan, da raini a ciki, amma ya lura da abu ɗaya daidai: mutanen ƙauye ba sa zuwa wurinta don lahira ko tsirar rai. Wannan na manyan gidajen bautar Shiva da Vishnu ne, manyan ababen bautar Hindu. Ita ana zuwa mata ne don ruwan sama, da ciwon yara, da annobar shanu, da haihuwa, da rijiyar da ta ƙafe. Ikonta, a wurinsu, yana ƙarewa ne a iyakar gonakin garin. Ƙauyen da ke gaba yana da tasa, ko da sunansu ɗaya.

Idan kana son ka gane abin da idonka zai gani, riƙe abu biyu: zafi da sanyi. A tunanin Tamilawa jiki yana ɗaukar zafi, ƙasa tana ɗaukar zafi, abinci wani mai zafi ne wani mai sanyi, fushi zafi ne, sha'awa zafi ce. Mariyamman kuwa ita ce zafin kansa. In ya yi mata yawa sai ruwa ya ɗauke, ƙuraje su feso a jikin yara. In an sanyaya ta sai ta saki ruwa ta janye ciwo. Shi ya sa duk kayan da za ka gani a hannun mata kayan sanyaya ne a lissafinsu: ganyen darbejiya, ruwan kurkum, lemon tsami, ruwan ɗanyar kwakwa, tsala, da kunun tamba mai tsami da suke kira kuul. Shi ya sa kuma bukukuwanta suka taru a lokaci biyu. Akwai bazara, daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin da zafin Tiruchi ke haura digiri 40. Akwai kuma watan Adi, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, lokacin da iska ke kaɗawa da ƙura, kogin Kaveri ya fara kawo ruwa daga duwatsun yamma, manoma suna shirin shuka. A watan nan ba a ɗaurin aure, har amaryar da ba ta daɗe ba akan mayar da ita gidan iyayenta. Watan na Amman ne, wato Uwa, yadda suke kiran ta a taƙaice, musamman ranakun Talata da Juma'a da Lahadi.

Tushen tsoronta agana ce. Mu da aka haifa bayan an kawar da ita ba mu san irin ɓarnar da ta yi ba. A 1974 kaɗai ta kashe mutum fiye da 15,000 a Indiya, galibi a Bihar da maƙwabtanta. Mutum na ƙarshe da ya kamu a ƙasar an same shi ne a Mayun 1975, aka tabbatar Indiya ta rabu da ita a 1977, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta ƙarshenta a duniya a 1980. Masu nazari da yawa sun zaci tafiyar agana za ta tafi da Mariyamman. Ba ta tafi ba. Ƙarambau da ƙyanda da ciwon ido suna nan, kuma ita ce dai ake danganta su da ita. A Coimbatore akwai tsohon wurin bauta da ake kira Mariyamman ta annoba, tun zamanin da cutar ɓeraye ta addabi garin, kuma a 2021 wani gidan addini a wajen birnin ya sassaƙa sabon gunki da sunan korona.

Yadda suke yi da mai ƙarambau ya kamata ka sani, kai da kake karatun magani. Ba sa cewa yaro ya kamu da ciwo, cewa suke Amman ta sauka a gidan. Sai a shimfiɗa masa farin zane a kan ganyen darbejiya, da ganyen ake shafa masa wurin ƙaiƙayi, ba ya sa farce. A daina suya da yaji a gidan, a ba shi ayaba da tsala da ruwan kwakwa. A rataye damin darbejiya a bakin ƙofa, baƙo ba ya shiga, mutanen gidan ba sa yawon biki. In ƙurajen sun bushe a yi masa wanka da ruwan kurkum da darbejiya. Ka cire imanin ka duba aikin: killacewa ce, da abinci mai sauƙi, da hana sosa. Inda abin ke cutarwa shi ne in ciwon ya rikiɗe, yaro ya fara numfashi sama-sama ko ya fita hayyacinsa, tsofaffin gida suna cewa kai shi asibiti zai fusata ta. Wannan ya ragu ƙwarai, don Tamil Nadu tana cikin jihohin da suka fi ƙarfin asibitocin karkara a Indiya. Kai dai in ka ga darbejiya a ƙofa ɗaya tak ba a lokacin biki ba, kuma ba ka taɓa yin ƙarambau ba, gaishe su daga waje.

Labarin asalinta da aka fi bayarwa na Renuka ne, matar wani babban mai ibada da ake kira Jamadagni, Brahmin, wato ɗan dangin malaman addini da ake ɗauka sama da kowa. Saboda tsarkinta takan ɗebo ruwa a kogi da tulun da ba a gasa ba. Wata rana ta ga inuwar wani kyakkyawan halitta a ruwa, zuciyarta ta motsa na ƙiftawar ido, tulun ya narke. Mijin ya umarci ɗansu Parashurama ya sare mata kai. Ta gudu ta rungume wata mace daga cikin waɗanda ake ƙyamar taɓawa, takobi ya ɗauke kawunansu duka biyu. Da uban ya ce wa ɗan ya roƙi lada, sai ya roƙi a tayar da uwarsa, amma cikin gaggawa ya musanya kawunan. Mai kan Brahmin da gangar jikin talaka ta zama Mariyamman, ɗayar ta zama Ellamma. Don haka a wurare da yawa za ka ga kai kaɗai na dutse a ƙasa, a gaban cikakken gunkin. Ni a ganina babu labarin da ya fi wannan fallasa yadda ƙauyen Indiya yake: na sama da na ƙasa a jiki ɗaya, ba sa rabuwa, ba sa kuma daidaita.

Mai hidimar wurin, da suke kira pusari, yawanci ba Brahmin ba ne. Daga gidan magina tukwane yake, ko gidan Pandaram masu haɗa furanni, ko wani gida da ya gaji aikin, kuma da safe yana gonarsa kamar kowa. Da Tamil yake magana da ita, wani lokaci har da faɗa. A ƙofa ko a gefe za ka ga gumakan maza masu gashin baki da adda, su Karuppasami da Madurai Viran, su ne dogaranta, kuma su ne ake ajiye wa taba da giya da nama. In a hanyar shiga gari ka ga jerin manyan dawakan yumɓu a ƙarƙashin itatuwa, na Ayyanar ne, wanda suka ce yana kewaya iyakar gari da dare. Magina ne ke ƙera su, mutane suna kawowa don cika alwashi.

Bikin kansa ba ranar da za ka je yake farawa ba. Makonni kafin nan dattawa sun zauna, an yanka wa kowane magidanci kuɗin da zai biya, an nemi izininta. Wani gari da furanni ake nema: a ƙunshe fari da ja a ganye, yaro ya ɗauki ɗaya. Wani gari kukan tsaka ake jira daga ɓangaren da ya dace. Sannan a yi ɗaurin kappu, zare rawaya da aka ƙulla guntun kurkum a jiki, a wuyan hannun pusari da duk masu alwashi. Daga wannan daren gari ya shiga ƙa'ida. Masu zare ba sa cin nama, ba sa kusantar iyali, ba sa sa takalmi, a ƙasa suke kwana. A al'adar garuruwa da yawa wanda ɗaurin ya same shi a gari ba ya kwana a wani wuri sai an kwance. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don haka tambayi abokinka ranar ɗaurin, ka kuma tambaye shi ko ƙa'idar tana hawa kan baƙo. In kana da jarrabawa a tsakiyar makon, gara ka zo bayan an ɗaura ka yini ka koma. A yankin Kongu, wajen Karur da Erode, akan kafa gungumen itace mai reshe uku a gaban ɗakin, mata su yi ta zuba masa ruwan kurkum kullum, ranar ƙarshe a tumɓuke shi a kai kogi. A Karur kogin Amaravati ake kai shi, garin kuma ba ya ɗaukar jama'a a ranar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne daren karagam, wato tulun da ake ƙawatawa da sunanta. Bayan an ci abinci maza sukan fita da fitilu zuwa bakin kogi ko tafki. Can pusari yake zama ya cika tulun tagulla ko na ƙasa, ya toshe bakinsa da kwakwa, ya yi ta jera ganyen darbejiya da igiyoyin farin fure har tulun ya zama doguwar hasumiya, a ƙarshe ya manna ƙaramar fuskar azurfa. Aikin yana cin sa'o'i, ba mai gaggawa. Masu kiɗa suna gefe da pambai, ganguna biyu a haɗe, da udukkai mai siririn ƙugu, suna rera labarinta baiti bayan baiti. Da an ɗora tulun a kan wanda aka zaɓa sai kiɗan ya canja, mata daga nesa su saki guɗa, mutumin ya fara rangaji, maza biyu suna riƙe da ƙugunsa. Daga wannan lokacin, a wurinsu, ba tulu ne ke shiga gari ba, ita ce. Kowace ƙofa an share an yi zanen garin shinkafa a ƙasa, matar gida tana jira da ruwan kurkum ta zuba a ƙafafunsa. Kada ka taka zanen nan, kada kuma ka gitta tsakanin mai tulu da masu kiɗa.

Za ka ga mata ɗauke da kwanduna cike da dogayen tsiro masu launin ruwan ɗorawa. Hatsi iri-iri ne suka shuka a ɗaki mai duhu tun farkon bikin, suna yayyafa ruwa suna tafi suna waƙa a kewaye da shi kowane dare. In tsiron ya tashi da kyau, alamar damina mai albarka ce, kuma manomi ya gwada irinsa ke nan kafin ya kai gona. Za ka ga murahu a jere a fili, kowace mace tana dafa shinkafa da madara da mazarƙwaila a sabuwar tukunya har ta tafaso ta zubo, shi ne pongal. Za ka ga fitilar da aka murza da garin shinkafa da mazarƙwaila, an zuba man shanu a tsakiya, wani lokaci a ɗora ta a kan cikin wanda ya warke ko a kan idonsa. Ga kuma manyan tukwanen kuul da ake rabawa kowa, da miyar busasshen kifi da ganyen zogale.

Sai masu alwashi mai tsanani. Wani ya ɗauko kaskon wuta a tafin hannu, ganyen darbejiya kaɗai ne tsakaninsa da kaskon. Wani an soke masa ƙarfe a kumatu ko a harshe. Wata tana mirginawa a ƙasa da jiƙaƙƙen zane har ta kewaye ɗakin. Kusan dukkansu bashi suke biya: ɗa ya yi ciwo, uwa ta ce in ya tashi zan ɗauki wuta shekara uku. Babban abin kallo shi ne taka garwashi. Tun rana ake ƙona itace a dogon rami marar zurfi, da yamma a baje shi a daidaita, pusari ya fara wucewa da tulu a ka, sauran su biyo sanye da rawaya, a ƙarshen ramin akwai kwarin ruwa ko madara. Suna kiransa ramin furanni. Garwashin itace ba ya saurin miƙa zafi, toka tana rufe shi, ƙafar manomi tana da kauri, tafiyar kuma ta 'yan daƙiƙoƙi ce. Duk da haka ana faɗuwa, ana ƙonewa, shi ya sa a manyan wurare irin Bannari, inda dubban mutane ke takawa a bazara, motar asibiti da 'yan kwana-kwana suna tsaye. Samari za su zolaye ka su ce ka gwada. Dariya za ka yi ka matsa baya.

A tsakiyar kiɗa wata mace da ke tsaye kusa da kai, wadda ɗazu ta ba ka ruwa, tana iya yin ƙara ta warware gashi ta fara tsalle, harshe waje. Na san abin da zai zo maka: bori. Kamar tana nan, har da yadda jama'a ke matsowa su yi tambaya a ba su amsa, a ce wane ya ci amanar alwashi, wance za ta haihu. Bambancin shi ne a nan babu ƙungiya ta daban da aka girka, kowace matar aure tana iya faɗawa ciki, kuma ana ganin abin girma ne ga gidansu. Pusari zai zo ya shafa mata toka a goshi, ko ya ba ta lemon tsami ta tauna, ko kafur mai ci da wuta, ta lafa, a ba ta ruwa, ta gyara zane ta koma cikin mata. Kada ka ɗauke ta hoto, kada ka yi dariya. In ta nufo ka, sunkuyar da kai ka ja gefe, abokinka zai shiga tsakani.

Yanka yana nan, ko da yake ba a kowane gari ba. Akan kawo bunsuru da furanni a wuya, a yayyafa masa ruwan kurkum, jama'a su yi tsit suna jira. In ya girgiza jiki, an karɓa. In ya ƙi, a ƙara ruwa, a yi ta roƙo, mai shi yana zufa yana tunanin laifin da ya yi. Da ya girgiza sai a sare kan da sara ɗaya. Sau da yawa akan ja labule a gaban Amman, a ce jinin na dogaranta ne. A da har ɓauna ake yankawa, yanzu awaki ne da zakaru. Jihar ta yi dokar hana yankan bauta tun 1950 amma ba a aiki da ita, sai a Agustan 2003 babbar ministar jihar, Jayalalithaa, ta ce a zartar. Ƙauyuka suka tashi, suna cewa ana so a ɗora musu addinin Brahmin marasa cin nama. A farkon 2004, gab da zaɓe, gwamnatinta ta soke dokar ɗungurungum. Bai cece ta ba, don a zaɓen ɓangarenta bai samu ko ɗaya daga kujeru 39 na jihar ba.

Yanzu maganar da abokinka ba lalle ya faɗa maka ba. Bikin nan shi ne ranar da gari ke nuna wa kansa wane ne wane. Wa za a fara ba toka da fure, wa zai riƙe igiyar keken gunki, ta wace unguwa tulu zai bi, wace unguwa zai tsallake. Dalit, wato waɗanda al'ada ta ƙyamaci taɓa su, kusan kashi 20 cikin 100 na mutanen jihar, su ne bisa gado masu kaɗa gangar parai da kwashe abin da aka yanka, amma a garuruwa da yawa daga waje suke tsayawa, ko kuma suna da tasu Mariyamman a unguwarsu. Doka ta buɗe musu ƙofa tuntuni: a Yulin 1939 aka shigar da su babban wurin bautar Meenakshi a Madurai, a 1947 aka yi dokar da ta game lardin Madras na lokacin. Amma a Yunin 2023 sai da hukuma ta garƙame wurin bautar Draupadi Amman a ƙauyen Melpathi, gundumar Viluppuram, saboda rikicin hana su shiga. Kai baƙo ne, baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu. Ka lura da wanda ke ciki da wanda ke waje, amma kada ka tambayi kowa asalin gidansu, kada kuma ka buɗe muhawarar a gaban iyayen abokinka. In kun koma makaranta ka tambaye shi, za ka ji abin da ya fi wanda na faɗa maka.

Game da shiga, wuri biyu ne. Manyan wuraren bauta suna hannun wata ma'aikatar gwamnatin jiha, ƙarƙashin wata doka ta 1959, kuma a Janairun 2024 Babbar Kotun Madras, reshen Madurai, a shari'ar da ta taso daga babban wurin bauta na garin Palani, ta ce a kafa alluna cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tutar da ke harabar wurin. Wanda ya nace sai ya sa hannu cewa ya yi imani da abin bautar, abin da ba naka ba ne. Ƙaramin na ƙauye kuwa ba shi da mai gadi, kuma yawancin bikin a titi da fili ake yin sa. Izininka shi ne mai masaukinka. Ka cire takalmi inda kowa ya cire, ka sa dogon wando da riga mai hannu, ka miƙa komai ka karɓi komai da dama, kada ka taɓa masu zare a hannu, kada ka ɗauki hoton cikin ɗakin.

Hukuncin halartar bikin a shari'a na malamai ne, ka tambayi wanda ka amince da iliminsa kafin ka sayi tikitin mota. Abin da zan iya yi maka shi ne in rarrabe maka abin da yake ibada a wurinsu da abin da yake karamci, don karin maganar nan ta wanda ya je gari ya ga kowa da wutsiya ba ta aiki a nan. Haɗa tafuka a gaban gunki ibada ce. Kewaya ɗakin ibada ce. Farantin da pusari ke zagayawa da shi, mai wutar kafur da toka da jan gari, shafa hannu a wutar da sa tokar a goshi ibada ce, haka ruwan da ake zubawa a tafin hannu, haka jefa kuɗi a farantin. Pongal da kuul da ake rabawa a filin an fara miƙa mata su kafin a raba. Naman bunsurun kuwa ba ya buƙatar dogon bincike, aya ta 173 a Baƙara da ta 3 a Ma'ida sun ambaci abin da aka yanka don wanin Allah. Amma zama a gidan abokinka, da gaida kakarsa, da cin shinkafa da miyar ganye da aka dafa a madafar gida, da kai wa uwarsa tsarabar 'ya'yan itace, wannan zumunci ne.

Dabarar ita ce ka faɗa wa abokinka komai tun kuna makaranta, shi ya faɗa wa uwarsa. Tamilawa ba baƙin Musulmi ba ne. Kusan kashi 6 cikin 100 na jihar Musulmi ne, sun zauna tare ɗaruruwan shekaru, za ka ji ma ana kiranka bhai, yadda suke kiran Musulminsu. Sun san bhai ba ya cin yankan biki, kuma gidan da ya damu da baƙonsa zai dafa maka na ganye, wanda suke kira saivam, ko a sayo kaza wurin mahauci Musulmi. In faranti ya nufo ka, ka riga ka tsaya a bayan layi, ka sa hannu a ƙirji ka ce vendam, nandri, wato a'a, na gode. Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan ba. Abin da ke ɓata rai shi ne yatsina fuska, ko toshe hanci, ko karɓar abu a yar a gabansu, ko wa'azi a tsakiyar biki. Aya ta 108 a An'am ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, ta kuma faɗi dalili. Ka nemi ɗaki a gidan don sallarka, za su share maka wuri da murna.

Tunda kusa da Tiruchi za ka, abokinka zai so ya kai ka Samayapuram, a kan hanyar Chennai, arewa da birnin kaɗan. Nan za ka ga abin da uwar ƙauye ke zama in ta yi arziki. Ginin na farkon ƙarni na 18 ne, zamanin sarki Vijayaranga Chokkanatha Nayak, kuma yau ana lissafa shi cikin wuraren bauta mafi samun kuɗi a jihar, bayan Palani. Gunkin ba na dutse ba ne, don haka ba a yi masa wanka, wani ƙarami da ke gabansa ake yi wa. A rumfunan waje ana sayar da gishiri da masoro, da 'yan faranta na azurfa masu siffar ido ko ƙafa ko jariri, kowa yana sayen siffar abin da ke damunsa ya jefa a akwati. A bazara sukan ce ita ce ke yi wa mabiyanta azumi na kwana 28, ba a kai mata dafaffen abinci sai ruwan kwakwa da tsala da makamantansu. A wani biki kuma gidan bautar Srirangam, na Vishnu, yakan aiko mata da kaya a matsayin na wa ga ƙanwarsa, wanda ya nuna maka yadda manyan gidaje suka jawo ta cikin dangi. 'Yan ƙwadagon Tamil sun tafi da ita ƙetare ma: wurin bautar Hindu mafi tsufa a Singafo nata ne, tun 1827, kuma a Durban ta Afirka ta Kudu jikokin waɗanda aka fara kaiwa gonakin rake a 1860 har yau suna dama mata kunu. A Samayapuram iyakarka harabar waje da kasuwa, kuma sun isa kallo. Ka je da sassafe, don dutsen daɓen yana ƙona ƙafa kafin azahar.

In ka kai ranar ƙarshe a ƙauyen, ka shirya wa ruwan kurkum. Bayan an mayar da tulu kogi an kwance zare, gari kan ɓarke da watsa wa juna ruwa rawaya, musamman tsakanin 'yan mata da 'ya'yan kawunnansu, waɗanda a al'adarsu abokan wasa ne kuma ana aure a tsakani. Baƙo ba ya tsira, yara ma shi suke nema. Kurkum ba ya fita daga farin yadi, don haka ka bar shaddarka a akwati, ka sa tsohuwar riga, wayarka da fasfonka kuma su kasance cikin leda a ɗaki. In ba ka son a jiƙa ka, ka kama motar safe kafin a fara.